Sunan da Inna Ba Ta Kira

Yayana ya yi karatu a makarantar silima ta wata babbar jami'a a Turai. Tun kafin ya tafi muka haddace tarihinta, don bakinsa ba ya hutawa da ita: ta girmi kakanmu, ta yaye manyan masu shirya fim na duniya, wanda ya fito daga cikinta ba ya neman aiki, aiki ke nemansa. Ranar da bursi, wato tallafin karatu, ya fito Baba ya yanka rago, dangi suka zo har daga Ɗan Gulbi. Inna kuwa tana bakin murhu, ko kai ba ta ɗaga ba. Shi ne ɗan farinta, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna murnarsa gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Kowane yaro a Dakoro ya san kunya ce, shi ma ya sani.

A shekararsa ta ƙarshe ya dawo da kamera zai yi fim ɗin kammala karatu. Ya bi Inna wajen daka, ya bi ta wajen tatsar awaki. Sai ya tsaya gabanta ya ce, "Inna, mi ne sunana?" Ta kau da kai. Ya sake tambaya, ta tashi ta shige ɗaki. Ni ina gefe ina dariya, na ɗauka tsokana ce.

Ya ɗauki wasu abubuwan ma. Ya ɗauke ta tana dama masa fura da kanta, ta miƙo mini tana cewa, "Kai ma wancan." Na kuma gaya masa yadda take sa ni in kira shi a waya, ta zauna kusa tana tsince wake, wake ɗaya a hannunta har mu gama magana. Ba ko ɗaya a fim ɗin. Da na tambaye shi, ya ce malamansa sun ce hakan na rage wa labari ƙarfi. Abin da ya bari shi ne uwa mai juya baya, da muryarsa cikin Faransanci tana ba da labarin ɗan da aka haifa ba a so. Makarantar ta ba shi lambar yabo.

Fim ɗin ya iso Dakoro ta wayoyi. 'Yan lakwal, yaran makarantar boko, suka fassara wa iyayensu, magana ta shiga gidajen biki. Na ji haushin da ban taɓa ji ba, har yau kuma bai sake ni ba.

Inna ta ce in nuna mata. Ban fassara ba, amma maƙwabciya ta riga ta kai mata komai. Ta kalla har ƙarshe, inda yayana ya fito shi kaɗai a bakin taga. Ta matso da wayar kusa da idonta.

"Wancan ya rame," in ji ta. "Ba su da hura can?"

An ce har gobe makarantar tana nuna wa sababbin ɗalibai fim ɗin, don su ga yadda ake faɗin gaskiya. Inna ta rasu bara. Sunan da ya tambaye ta gaban kamera, da shi ta tafi kabari.