Dakan Ƙaiƙayi

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Ko yanzu da nake zaune a cikin garin Haɗeja, jikoki na ta kunna waya a kaina, in maƙwabciya ta sa taɓarya a turmi zan gaya muku ko gero take surfawa ko fura take kirɓawa. Turmi mai hatsi ƙararsa a ƙasa take sauka. Wanda ba komai a ciki sai ƙaiƙayi kuwa, ƙau-ƙau yake yi kamar tarin tsoho. Wannan na biyun na taɓa daka shi da hannuna.

Shekarar da kogi ya ƙi hawa fadama ne, ina goyon fari a ƙauyen mijina. Shinkafar da aka watsa ta bushe tana jiran ruwa. Tafkunan da maigidana ke zuwa su suka zama tsagaggiyar laka. Muka ci bado har ya ƙare, muka koma goruba da tafasa. Nonona ya janye. Yaron ya daina kuka ma, sai dai ya buɗe baki, maɗigarsa ta lotsa.

Ga shi ɗan fari, ba ni da bakin magana a kansa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai. Surukata, wadda nake kira Inna, ita ke riƙe da shi. Ita ma maigidana ne ɗanta na fari, ga shi da gemunsa, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa.

Wata safiya aka yi shela cewa wata Baturiya na tafe da malamar asibiti daga Haɗeja. Gida-gida za su bi, inda suka tarar babu, a ba su hatsi da garin madara. Mata suka hau guɗa ta kan danga. Na juyo da murna, sai na ga Inna ta tsaya ƙiƙam, zaren da take kaɗi ya tsinke a hannunta.

Labarin da ya sa haka na san shi, guntu-guntu take ba ni in muna tsince auduga. Tana ƙaramar yarinya kasuwa ta mutu. Babanta ya ɗauki gyaɗa da fatu a kan jaki zuwa kantin Bature, inda baƙin mutum ba ya shiga, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a rana a bakin taga. Aka auna, aka faɗi abin da ko gishiri ba zai saya ba. Ya ce a sake dubawa, aka zuba masa bulala don ya ɗaga ido. Gyaɗa ta faɗi, busasshen kifi ya faɗi, haraji kuwa yana nan inda yake. Sai Bature ya zo rangadi a kan doki, ana leƙa masa rumbuna. Gidan da aka tarar da hatsi, aka ɗebi hatsi aka bar mutane. Gidan da aka tarar wayam, aka ɗauki namiji zuwa aikin hanyar jirgi. Nasu wayam yake. Babanta ya tafi da igiya a ƙugu, bai dawo ba, ko inda aka binne shi ba wanda ya nuna musu. Abin da Inna ta riƙe ke nan: kada Bature ya taɓa ganin gidanka babu.

Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai wancan, shiga rumbu."

Ya ce, "Inna, taimako fa suka kawo."

"Tsohona ma ce masa aka yi aiki za a ba shi. Shiga."

Mutumin da ke kama kifi mai tsawon yaro da hannu ɗaya, haka ya tattare riga ya haura rumbun da ko ɓera ya yi ƙaura daga ciki, ta jawo murfin ta rufe. Ta kai jaririn ƙuryar ɗakinta ta saki asabari. Ta ɗora babbar tukunya, ruwa zalla, ta jefa guntun daddawar da ta rage mana don ƙamshi ya tashi. Sannan ta kwaso ƙaiƙayi da yashi ta zuba a turmi, ta miƙo mini taɓarya.

"Daka, 'yar nan. Da ƙarfi, kamar gidan da ake suna."

Na ce, "Inna, yaron..."

"Wane yaro? Ke har kin yi bakin zancensa? Daka."

Na daka. Kowane bugu sai na ga duhu-duhu, ga kunnena yana can ɗaki, ina sauraron ko numfashi na fita.

Suka yi sallama. Baturiyar doguwa, fuska ta yi jawur da rana, malamar kuma gajeruwa mai fara'a, daga jin harshenta 'yar cikin gari ce. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zube ƙasa, goshi kamar zai taɓa turɓaya, tana "Zaki, zaki," gaisuwar da aka koya musu tun suna yara. Baturiyar ta rasa inda za ta sa kanta.

Malamar ta ce, "Haba Iya, tashi, wannan ai 'yar cikinki ce. Yaya gidan? Yaya fama da wannan shekara?"

"Alhamdulillahi, mu kam sai godiya. Ga tuwo can a wuta, ga daka ana yi. Ku tsaya ku ci mana."

"Maigidan fa?"

"Ya yi fatauci. Nisa."

"Ba ƙananan yara?"

"Babu."

Malamar ta shaƙi ƙamshin daddawa ta yi dariya. "Iya, ashe ke ce mai garin nan! Duk inda muka shiga murhu a sanyaye." Ta juya ta yi wa Baturiyar turanci, ita ma ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Suka miƙe.

Ina dakan ina kallon duga-dugansu. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba, ko ruwa ba na sha tana kallo. Sun kai bakin zaure sai na ji shi, wani ɗan siririn sauti daga ɗaki, kamar kukan ɗan tsako da ya faɗa rijiya. Ba wanda ya ji sai ni.

Na saki taɓarya, na sa ƙafa na ture turmin. Ƙaiƙayi da yashi suka watsu har gaban tabarma. Na shiga ɗakin Inna ba sallama, na ɗauko shi, na fito da shi a ƙirjina kowa na gani, na kira sunansa, na ce, "Ɗana ne. Tukunyar can ruwa ne."

Malamar ta daina dariya. Ta buɗe tukunya, ta mayar da murfi a hankali. Baturiyar ta taɓa kan yaron, ta faɗi wata magana, sai ta nufi rumbu don ta gani da idonta.

Ban san Inna na da sauran gudu ba. Ta riga ta isa, ta kafa baya a jikin rumbu, ta ware hannuwa. Sai ta ƙwala kiran sunan ɗanta, sunan yanka, har sau biyu, ta ce, "Kada ka fito!" Ta dubi malamar ta ce, "Gaya mata ni za ta ɗauka. Ina iya ɗaukar ƙasa, wallahi ina iyawa."

Murfin rumbu ya motsa. Maigidana ya leƙo, gemu duk yana, ya sauko ya durƙusa kusa da uwarsa. Malamar ta zauna a kan turmin da na kifar ta riƙe hannun Inna.

Da la'asar aka kawo mana jar dawa da garin madara. Inna ba ta yi mini magana ba har aka ga sabon wata, amma ita ta dama kunun. Ta fara kurɓa, ta zauna jim ta ga ba ta mutu ba, sannan ta ɗiga wa yaron a baki da yatsa. Ya haɗiye. Shi ne mai keke-napep ɗin da ke kai ni asibiti yanzu in ƙafa ta tashi.

Inna kuwa ba ta yarda kyauta ce ba. Duk ranin nan a bakin zaure ta yi shi, tana duban hanyar Haɗeja. Ko a ciwon ajalinta, in ta ji ƙugin mota sai ta kamo zanena ta ce, "'Yar nan, wancan yana ina?" In ce yana fadama. Ta ce, "To, ya zauna can tukuna."