Ninkin Laya

Bayan gidanmu akwai kwazazzabo, ragowar ramin da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin kakanni. Kowace damina sai ya ci wani abu. Ya ci bishiyar gwaibarmu, ya ci makewayin maƙwabta, bara kuma ya matso kusa da bangon ɗakin da nake kwana da 'ya'yana mata. Taku uku ya rage. Da ƙafata na auna.

Shi ya sa da zaɓen kansila ya zo, na tsaya wa wani ɗan unguwarmu mai sana'a a kasuwar Katako. Shi ma ɗakin mahaifiyarsa ramin ne ya cinye. Bai yi mana alkawarin komai ba sai magudanar ruwa ta siminti, ni kuwa ita kaɗai nake nema.

Ni ba 'yar siyasa ba ce. Ajin yaƙi da jahilci na shiga da girmana, bayan na yaye autata, shi ke nan matan layinmu suka mai da ni malama. Sukan taru a tsakar gidana ina nuna musu alamar jam'iyyarsa da inda za su dangwala. Wata tsohuwa ta ce tana tsoro kada 'yan ɗaya ɓangaren su leƙa takardarta, don jikanta a shagon ɗayansu yake aiki. Na ce, "Iya, da kin dangwala ki yi maza ki ninke ta ƙanana, ki danne sosai, kamar ninkin laya. Ko aljani ba zai gani ba."

Aka yi dariya. Maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan miya, ta ce, "Malama, ni ban san laya ba, amma zan yi masa ƙullin gishiri."

Da takardar littafi muka yi ta gwadawa, ba tawada. A nan na yi kuskure, ban sani ba.

Ranar zaɓe da la'asar aka zazzage akwati a gaban kowa. Takardunmu ba sa ɓuya, ga su nan ƙanana a dunƙule. Ma'aikacin zaɓe ya warware ta farko da ƙyar, ya ɗaga. Tawadar ba ta bushe ba aka ninke, sai yatsa ɗaya ya fito a gida biyu. Ya ce ta lalace, ya ajiye gefe. Ya warware wata, haka. Wata kuma gida uku. Ina tsaye ina kallon tulin yana tashi.

Wakilin ɗaya ɓangaren ya juyo yana washe baki. "Hajiyoyi, wa ya koya muku wannan ninki? Ku nuna mini shi in kai masa goro."

Ba wadda ta dube ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Namu ya faɗi, da 'yar tazara kaɗan. Kwana uku ban leƙa ƙofar gida ba. A na huɗu ruwan farko ya sauka, bangon ya tsage har yatsana yana shiga. Na jawo katifar yara zuwa zaure, na zauna na rasa ko addu'ar da zan fara da ita. Ba mu da inda za mu koma.

A haka maƙwabciyata ta same ni. Ta ce, "Malama, tashi. Wanda ya ci ɗin nan, kansilan wace unguwa ne?"

Na ce, "Ai ba mu zaɓe shi ba."

"To, ruwa ya tambaye ka wanda ka zaɓa? Kai ne ka iya rubutu. Rubuta masa."

Sau uku na sake kwafe wasiƙar kafin ta yi tsabta. Na samo tawada, matan suka dawo tsakar gidana su dangwala a ƙasanta. Iya ce ta fara. Na ce, "Ɗaga hannunki a hankali. Yanzu hura." Muka ɗora takardar a faifai muka shanya a rana kamar kuɓewa, sai da ta bushe ƙarau. A miƙe na kai ta, ko gefenta ban lanƙwasa ba.

Zuwan farko masinja ya ce oga ya tafi taro Kuru. Na biyu, bai shigo ba. Sai a na biyar ya karɓa da hannunsa, ya dubi yatsun nan a jere, ya ce za a duba.

Har yau ba a duba ba. Kowace Litinin nakan je in zauna a bencin ofishinsa, in gaishe shi da ladabi, in tuna masa. Ran Asabar kuma matan suna zuwa, muna dangwalawa da tawada ta gaske, mu jira ta bushe, saboda zaɓe na gaba. Jiya na sake aunawa. Taku biyu ne, kuma damina ba ta kai rabi ba. Gobe Litinin.