Tonon Mahar Habibu Ya Je

Shekara bakwai ke nan da teku ta cinye ƙanena Habibu, amma har yau akwai 'yan majalisar shayi a unguwar Gubaira ta Riyad da in aka ambaci sunansa sai su sunkuyar da kai su ce, "Allah dai Ya yafe masa," da wata irin murya. Na san abin da muryar ke nufi. Saboda su na zauna yin wannan rubutu, kuma raina a ɓace yake.

Habibu direban motar sanyi ne. Daga wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu yake tashi, ya nufi gaɓar tekun gabas, ya ɗauko kifi ya kawo Riyad. Jiran lodi kan cinye wuni, shi kuwa tun yana yaro bai iya zama wuri ɗaya ba. A can wasu 'yan Filifin suka koya masa tonon mahar, wani abin ruwa mai ɓawo biyu, ɗan'uwan makankarin rafukan gida, sai dai shi a cikin yashin bakin teku yake binne kansa. Idan ruwa ya janye, sai ka bi yashin kana neman 'yan ramuka ƙanana. Inda ka taka ka ga ruwa ya tsarto, nan za ka sa cokali ka tona.

Yakan kawo su a bokiti, ya jiƙa a ruwan gishiri su fitar da yashi, ya soya da albasa da attarugu. Matarsa Rabi ta ware masa tukunya ta ce ba da ita ba. Ni ma sau ɗaya na ɗanɗana, na ce masa wannan ai roba ce mai ƙarni. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Yaya, kai dai ƙauyanci ya ƙi sakinka." 'Yan majalisa suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, mutumin da ko iyo bai iya ba.

Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani, in ya tafi sai wata damina. Ba mu san wanda ke janyewa da hantsi har ka yi tafiya mai nisa a kan yashi, sannan ya dawo a wunin, ya zagayo ta bayanka kana sunkuye ba. Haka ya yi wa Habibu. A ranar, abokan tonon nasa ba su fito ba, ya tafi shi kaɗai.

A tudu aka sami takalmansa da wayarsa da iƙamarsa, wato katin zamansa, a jere. Wannan jeren mutanenmu suka riƙe. Kafin in iso Riyad da gawa labari ya riga ni: wai wanda ya ajiye iƙama ya shiga teku da ƙafarsa ya san abin da ya je yi. Aka ƙara da cewa sun yi cacar baki da kafilinsa, maigidan da ke riƙe da izinin zamansa. Wane direba ne a garin nan bai taɓa cacar baki da kafili ba? Wa ke shiga taɓo da takalmi, da iƙama a aljihu? Na gaya musu da cokali a aljihunsa aka tsamo shi. Suka ce, "To, Allah Ya sa." Ranar jana'iza, mutanen da suka shekara goma suna shan shayinsa suka ce aiki ya riƙe su. Larabawan masallaci da ba su taɓa ganin fuskarsa ba su suka cika sahu.

Da zai leƙo Riyad yau, zai ga mata na tuƙa mota, zai ga gadojin jirgin ƙasa sun tsaya a kan titunan da ya saba bi, kuma na tabbata zai tsaya ya tambayi leburori yadda ake yi. Zai kuma ga wani abu da ke ƙona mini rai. Wasu daga cikin 'yan majalisar nan yanzu sun koyi zuwa bakin teku hutu. Suna tura mana hotuna ta waya, ga su tsaye a kan yashin da ruwa ya janye, wando a naɗe, takalma a ajiye can tudu. Sun gani da idonsu. Har yau ko ɗaya bai zo ya ce mini, "Malam Sabo, mun yi kuskure" ba.

Habibu bai bar gida ba, bai bar fili ba. 'Ya ɗaya ya bari, Hafsa, wadda ke da shekara biyar lokacin, sai kuma sunansa da take ɗauke da shi. Watan jiya ta same ni, da Hausarta da Larabci ya ci rabinta, ta ce, "Baffa, wata a makaranta ta ce Baba intihar ya yi, wai shi ya kashe kansa. In na yi masa addu'a Allah zai karɓa?" Na ce yaushe aka gaya mata. Ta ce tun bara, kuma tun ranar ba ta ƙara ambatonsa a sujada ba, tana tsoron kada ta yi laifi.

Na ce mata ko da gaskiya ne addu'ar 'ya ba laifi ba ce, balle ƙarya ce, ubanta abin kaiwa baki ya je nema. Ta dube ni ta ce, "Kai ai yayansa ne, Baffa, dole ka faɗi haka."

Ku da kuka fara faɗa kun san kanku, ni ma na san ku. Ba na neman ku ba ni haƙuri. Yarinyar nan tana gidan kakarta a Gubaira, kun san ƙofar. Ku je ku gaya mata da bakinku.