Kwamfutar da Ta Ƙi Jawabin Alhaji

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Birnin Kudu, ina da ɗan shago kusa da tasha inda nake buga wa mutane takardu. Wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, takardar cinikin gona, duk abin da aka kawo. Jarina kwamfuta ce guda ɗaya, ta tebur, 'yar gwanjo, wadda ta ga duniya kafin ta zo wurina. Idan na kunna ta da safe, sai in share shago, in je in sayo ƙosai, in dawo in tarar tana nan tana shiri.

Ina da aboki malamin kimiyya a makarantar sakandare, Kirista ne daga wajen Filato, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Wata rana ya ga yadda nake fama, ya ce in matsa. Ya shiga wani shuɗin shafi da ban taɓa sanin akwai shi ba, ya canza wasu lambobi. Ya ce ya ƙara wa ƙwaƙwalwar injin gudu ne fiye da yadda masu ƙera ta suka tsara. Kwamfuta kuwa ta miƙe. Na yi godiya, na saya masa lemo, na manta da zancen. Bayan wasu watanni aka mayar da shi Gwaram.

Fiye da shekara muna zaman lafiya, sai son ƙari ya kama ni. Na je Kano na sayo sabon memori, ɗan siririn allon nan da ake kira ram, wanda kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kansa. Na soka shi kusa da tsohon, na kunna, ta tashi fes. Ranar har maƙwabta na kira su gani.

Washegari da hantsi wani Alhaji ya shigo, shugaban ƙungiyar manoma daga Kwandiko. An gina musu rijiyar burtsatse, za a yi bikin buɗewa, shi zai yi jawabin maraba. Bai rubuta komai ba. Ya zauna a benci, ya tattare babbar riga, ya ce shi zai riƙa faɗa ni ina bugawa.

Mun yi nisa, ya gama tarihin ƙauyen tun daga kakansa, ya gyara murya ya ce, "Mai girma..."

Allo ya yi baƙi. Injin ya yi ɗan ƙara, ya sake tashi daga farko kamar yanzu aka kunna shi. Ban adana ko layi ɗaya ba.

"Ina jawabina?" in ji Alhaji.

"Ya tafi, Alhaji."

"Ya tafi ina?"

Na ba shi haƙuri. Muka sake daga kakansa. Wannan karon ina adanawa bayan kowane layi. Da muka iso wurin gaishe da manyan baƙi, ya ce "Mai girma", ban kai ga buga harafi na uku ba ta sake mutuwa. Alhaji ya cire tabarau ya dubi kwamfutar ido cikin ido.

"Malam, gaya mini gaskiya. Wace jam'iyya wannan abar take yi?"

Na rantse masa ba ruwanta da siyasa. Na ce zafi ne. Na kwance murfin gefe, na busa ƙura, na jawo fanka na saita ta a cikinta, mu kuma muka zauna muna gumi. Ta yi minti goma ta mutu. Sai na ɗora laifin a kan maƙwabciyata, wata Hajiya mai sayar da zoɓo da kunun aya, domin janareta ɗaya muke sha. Na ce firjinta ne ke janye wuta. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta kashe firji, ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofata ta harɗe hannu. Kwamfuta ta mutu a gabanta sau biyu.

"To, ɗan nan, yanzu kuma wa ya janye?" ta ce, ta ɗauki kujerarta.

Na ce cutar kwamfuta ce. Na bincike ta kaf, ban samu komai ba. Ana cikin binciken ma ta sake mutuwa.

Alhaji ya yanke hukunci cewa wutar Birnin Kudu ce ba ta da albarka. Yana da gida a Gwaram, da sabon janareta wanda ko wata bai yi ba. Biki kuma jibi ne. Kafin in yi magana ya sa an buɗe mota. Na naɗe kwamfuta a bargo na rungume ta a kujerar baya, allon kuma aka ba shi kujerar gaba aka ɗaura masa bel. Duk ramin da muka faɗa sai Alhaji ya waiwayo ya tambayi lafiyarta. Ni bai tambayi tawa ba.

Bayan azahar muka kafa ta a zaurensa. Dattawan unguwa suka cika tabarma, domin labari ya riga mu isa cewa an kawo injin da ba ya son jin sunan manya. Aka tayar da sabon janareta. Alhaji ya miƙe tsaye, ya ce wannan karon zai yi mata dabara, zai fara da godiya ga Allah da ƙananan baƙi, manya su zo a ƙarshe. Bai kai ko'ina ba ta mutu a kan shugaban matasa.

Wani dattijo ya ce a kira mai tofi. Wani ya ce a bar ta ta huta, tafiya ce ta gajiyar da ita. A nan ne na tuna abokina malamin kimiyya yana garin. Aka aika, ya zo a kan babur da alli a hannun rigarsa.

Bai taɓa komai ba sai da ya tambaye ni, "Me ka canza mata kwanan nan?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Sai dai ɗan ram da na ƙara."

Alhaji ya yi firamare har aji huɗu, kuma bai yarda Turancinsa ya tafi a banza ba. Ya ce, "Ram? Ba rago ke nan ba? Raguna biyu ka haɗa a wuri ɗaya, kana mamakin ana karo?" Zaure ya kwashe da dariya. Malamin ya ce maganar Alhaji ba ta yi nisa da gaskiya ba, amma a bi a hankali.

Ya kashe injin, ya zare sabon ram ya bar tsohon. Muka buɗe takardu da hotuna da yawa don a wahalar da ita, muka jira. Rabin awa ba ta yi ko tari ba. Ya zare tsohon ya sa sabon shi kaɗai. Ko minti uku ba ta yi ba ta faɗi. Nan take na fara yi wa mai shagon Kano addu'o'in da ba zan maimaita ba. Na ce gobe da sassafe zan hau mota in je in jefa masa kayansa.

"Dakata tukuna," in ji malamin. Ya shiga shuɗin shafin nan, ya tsaya yana kallon lambobi, ya ɓata fuska. "Kai! Wane marar tausayi ne ya ɗaga mata gudu haka?"

"Kai ne."

Ya dube ni. Sai ya tuna, ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ya natsu ya yi wa zaure bayani. Lokacin da ya ƙara wa ƙwaƙwalwar gudu, hanyar da ke tsakaninta da memori ma ta ƙara gudu. Tsohon ram ya jure, sabon kuwa lafiyarsa ƙalau, amma ba a yi shi don wannan tseren ba. Da aiki ya ɗan yi nauyi sai ya yi tuntuɓe, injin duka ya faɗi. Ya mayar da lambobin yadda suka zo daga masana'anta, ya soka ram ɗin duka biyu, ya kunna.

Alhaji ya matso a hankali, ya sunkuya kusa da allo, ya ce da ƙaramar murya, "Mai girma." Ba abin da ya faru. Ya ƙara da ƙarfi. Shiru. Daga nan ya saki jiki, ya jero masu girma goma sha ɗaya ba numfashi, har da wani da ya rasu bara, sai da dattawa suka tuna masa. Kafin la'asar jawabi ya kammala, shafi shida.

Da zan koma, motar Alhaji ta tafi ɗauko kujerun biki, don haka aka sa ni a motar kasuwa, ni da kwamfuta da kaza biyu da ya ba ni tukuici. Na zauna a baya kusa da wata tsohuwa mai akuya. Ina ta lissafin yadda zan ba da labari a tasha, ban lura ba wayar kibod, abin da nake buga rubutu da shi, ta leƙo daga cikin bargo. Sai da muka shigo Birnin Kudu na ga akuyar tana tauna a natse, rabin wayar ya riga ya wuce. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Allah ya sa dai ba za ta ɓata mata ciki ba."