Malama Ummulkhairi da tulin takalma

Ƙarfe bakwai na safe, ruwan asuba ya ɗauke amma gari bai washe ba, Malama Ummulkhairi ta riga kowa isa firamarenmu da ke hanyar Morai. Haka take tun ina ɗan aji huɗu. Sai dai yanzu ba aji take shiga ba, a bakin ƙofa take zama tana tsare masu makara. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da karatuna ya tsaya a aji shida.

Turanci take koyarwa, kuma da takalma take koyar da shi. Sai ta sa kowa ya tuɓe silifas a tara gaban allo, ta ɗaga ɗaya ta tambayi na wane ne. Ba ka karɓar naka sai ka ce "mine". In na yarinyar da ke gefenka ne ka ce "hers", in na tagwayen ajinmu ne, "theirs". Wanda ya zo ba takalmi kuwa, tana da tsofaffi a jaka, sai ta jefa cikin tulin ta ƙifta masa ido, don kada ya rasa abin da zai kira nasa. Ni ma na sa su, ba sau ɗaya ba.

Yau lodi nake yi a tashar Talata Mafara. In baƙin da ba sa jin Hausa suka rikice kan jakunkuna, ni ake kira in raba. Da takalman nan nake cin abinci.

Sai ga sabon hedimasta a firamaren. Ya leƙa ya ga yara ƙafa a ƙasa suna dariya, ya ce wasa take yi, wai makaranta ba kasuwar gwanjo ba ce. Bai tsaya ya saurari ko yaro ɗaya ba. Saura zango ɗaya ta yi ritaya, ya karɓe ajin. Gwaggo Marka mai ƙosai ta ce a gabanta Malama ta roƙe shi ya bari ta ƙarasa da ɗiyanta, ya ce an gama magana. To don Allah, haka ake sallamar mutum? Matar da ta tsufa gaban allo, a ce daga bencin maigadi za ta tafi gida?

Malama, ke ce uwar marasa takalmi. Ke kika sa Turanci ya daina ba mu tsoro. Na gode, Allah Ya saka. Malamai, ku yi koyi da ita. Iyaye, akwai taronku ranar Asabar, ku je ku ce a mayar mata da ajinta kafin zangon ya ƙare.

Shekaranjiya ruwa ya sauko da azahar, hedimasta na salla a ofis, takalmansa a waje. Malama ta taso ta kwashe su ta ajiye a baranda.

Gwaggo Marka ta ce, "Ke ko, Malama, har shi?"

Ta ce, "Takalmi mi yai mani, Gwaggo?"

Da ya idar ya fito, ya zura ƙafa cikin busassun takalma ya wuce ta gabanta, bai tambayi wa ya ɗauke su ba.