Mai Gwanjon da Ba Ya Goge Fensir

Ba ni da boko mai yawa. Aji huɗu na yi, sai aikin kafinta ya ɗauke ni. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa na karanta shi daga bango zuwa bango sau bakwai, da yatsa a kan layi. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya kai ni shagon mutumin da nake so in ba da labarinsa.

Mai Gwanjo muke ce masa. Shekara ashirin ya yi yana sharar ɗakin karatu na wata makarantar horar da fastoci, yana kaɗe ƙurar littattafai har ya koya wa kansa karanta su. Da ya bar aikin, sai ya kama wani siririn shago tsakanin tela da mai gyaran rediyo. In fasto ya rasu, iyalinsa suka rasa yadda za su yi da akwatunan littattafansa, shi suke kira. Ba ya raba kayan gida ɗaya, kowane mamaci da kantarsa. Kuma ba ya goge abin da mai littafi ya rubuta da fensir a gefen shafi, ko da mai saye ya roƙe shi.

Autata ta je makarantar tauhidi ta dawo. Wata rana muna cin abinci ta ce malamansu sun nuna musu cewa littafin wani annabi ba mutum ɗaya ya rubuta shi ba, hannu biyu ne ko uku, a zamani daban-daban. Na ajiye cokali. Na ce mata wannan ba ilimi ba ne, gara ce ta shiga katako, kuma kada ta sake kawo maganar gidana. Ita kuwa ta ji kamar na ce kada ta sake zuwa. Wata biyar ba ta taka ƙofarmu ba. Uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole.

Sai na ƙudura zan kayar da yarinyar da littafi. A sana'ata, katakon da ya daɗe ya bushe shi ne ba ya lanƙwasa, don haka na ɗauka littafi ma haka yake. Na je na ce wa Mai Gwanjo ya ba ni sharhin annabawa mafi tsufa da yake da shi, wanda aka buga tun kafin masu sabon ilimin nan su lalata komai. Ya tambaye ni me zan yi da shi, na gaya masa duka.

"Baba kafinta," in ji shi, "littafi kake nema ko guduma?"

Ban yi dariya ba. Ya hau kujera, ya sauko da wani mai kauri, an ɗaure bayansa da ƙyalle. Daga kantar faston da ya ɗaura mana aure ya fito, mutumin da ban taɓa jin ya yi kuskure yana wa'azi a kan bagade ba. Ya saka guntun takarda a wani shafi ya miƙo mini.

A gida na buɗe. Bugun Turanci ne, ban iya ba, amma gefen shafin Hausa ce, rubutun marigayin. Wuri uku ya yi rubutu, kuma ka ga ba rana ɗaya ba. Na farko da ƙarfi, har fensirin ya huda takarda: "Hannu biyu ko uku? Ƙarya ce tsagwaronta." Na biyu: "Na sake dubawa. Tambayarsu ba ta wauta ba ce." Na ukun rubutun tsufa ne: "Ban warware ba. Allah da ya yi maganar dai bai canza ba."

Ashe tambayar ta girme ni. Ashe fastonmu ya yi shekaru yana ɗauke da ita, bai fasa zuwa yi wa marasa lafiya addu'a ba.

Na koma na ce wa Mai Gwanjo ba wannan littafin nake so ba. Ya ce mafi tsufa na nema, shi ne kuwa mafi tsufa. Na ce to ya karanta mini Turancin. Ya ce tabaraunsa ya ɓace, alhali ga shi nan a kan hancinsa.

"Ai kana da mai Turanci a gida," ya ce, ya ci gaba da kaɗe ƙura.

Kwana uku na yi ina juya littafin. Ranar Asabar na sa shi a jaka na tafi ɗakin da Auta take haya. Ta buɗe ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan jakar.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. Karanta mini wannan. A hankali, kin san kan tsoho."

Har yau ina nan a kan cewa annabi ɗaya ne, ita ma ba ta sauka daga nata ba. Amma duk Asabar tana zuwa, mu yi shafi biyu, mu yi musu, uwarta na leƙowa tana cewa abinci zai huce.

Na yi wa Mai Gwanjo sabuwar kanta da hannuna, ya yi shekara biyu yana amfani da ita kafin ya rasu bara. Allah ya saka masa. A ƙarƙashin rubutun fastonmu akwai ɗan fili. Na feƙe fensirina na kafinta na rubuta nawa, na bar wa Auta layi ɗaya.