Yadda na zama Oga babu shiri

Ina zaune a kujerar Oga, sai ga wani dattijo daga Ruwan Gizo ya durƙusa yana gaishe ni.

Ni fa ɗalibi ne. Binciken kammala karatu ya kai ni wani ofishin gwamnati, kan yadda ake sauraron koken jama'a. Oga bai zo ba, bencin baƙi ya karye, masinja ya ce in ɗan zauna nan.

Na ce, "Baba, ba ni ba ne Oga."

Ya ce, "Ɗana, kai munka iske. Famfonmu ya lalace."

Kunya ta sa na saurare shi. Kafin in ankara layi ya kai bakin ƙofa, har na fara cewa "za mu duba".

Can sai ga Oga na gaskiya. Ya dubi layin, ya dube ni, ya gyara hula, ya ce: "Ranka shi daɗe, canji anka yi min?"

Ranar ya amsa duk tambayoyina a tsaye, washegari kuma ya tura mai gyaran famfo.

Jama'a, wannan a wane babi zan saka shi?